Layi Biyu a Gindin Shafi

Shekara tara na yi ina aiki a wani ofishin tura kaya a Khumra, can kudancin Jidda, inda ba komai sai sito-sito da garejoji da gidajen leburori. Ofishin ɗaki biyu ne a saman wani sito. Aikinmu shirya takardun kwantenonin da mutanenmu ke aikawa gida: tsofaffin firji, katifu, kafet, kekunan ɗinki, duk abin da masu gari suka gaji da shi suka fitar ƙofar gida. Ni ne mai buga takardu. A iƙamata, takardar izinin zama, lebura aka rubuta, amma ni kaɗai ne a ginin nan nake karanta Faransanci, don na yi makaranta a Damagaram har na kusa zama malami kafin neman abinci ya kawo ni.

Mu uku ne a sama. Akwai mudir, shugaban ofishin, haihuwar Jidda, jikan alhazan da suka zo da ƙafa ba su koma ba. Yana jin Hausa sarai, amma in ya fara magana da ita da Larabci yake ƙarasawa. Ƙanin matar mai kamfanin ne, mai kamfanin kuwa shi ne kafilina, wanda zamana a ƙasar yake rataye da sa hannunsa. Sai wani Bakano mai Turanci, abokin wasana, yana kirana bawansa ina kiransa bawana, kamar yadda Kanawa da Damagarawa suka saba. A wurin mudir harsuna hawa-hawa ne: Larabci a sama, Turanci na bi masa, Faransanci kuwa surutun mutanen da ba su da aikin yi. Hausa ba ta ma cikin lissafi, ta kiran mai shayi ce da zagin direba.

Mudir yana da wata cuta, son fayil mai kyan gani. Faks ɗinmu, injin da ake turo mana takardu ta waya, irin mai takarda a naɗe ne, shafi kan fito da tsawo ya zarce bakin fayil. In mudir ya ga takarda ta leƙo sai ya ce mun mai da masa ofis kasuwar gwanjo. Don haka ya kafa doka: duk abin da ya fito daga faks a ɗora masa rula a yanke sama da ƙasa har ya yi daidai da fayil. A sama lambar wayar mai aikowa ce, a ƙasa lambar shafi ce da ƙananan rubuce-rubucen da ba wanda ya taɓa damuwa da su. Wanda ya fi kusa da injin shi yake yankewa, wata rana ni, wata rana Bakano, wata rana mudir da kansa in hannunsa na ƙaiƙayi.

A cikin masu kawo mana kaya akwai wani dattijo, Bahaushen Chadi, mai gyaran firji a unguwar Bani Malik. Baba muke ce masa. Ya haura shekara talatin a Jidda, gajere ne mai faɗin kafaɗa, yatsunsa duk tabon ƙuna. Kafilinsa ya rasu, magada suka ce ba su da sha'awar riƙe tsoho, shi ma idonsa ya fara ja baya, sai ya yanke shawarar komawa gida gaba ɗaya. Shekara biyu ya yi yana tara firjin da aka zubar, yana gyara su ɗaya bayan ɗaya, ya canja abin canjawa, ya zuba gas, ya sa kofin ruwa a ciki ya jira sai ya ga ƙanƙara sannan ya jera a sito. Ya tara arba'in da 'yan kai. Burinsa ya buɗe shago a Anjamena ya ci da guminsa. Ya taɓa ce mini ba ya so a ce ya yi shekara talatin a ƙasa mai tsarki ya dawo daga shi sai carbi, ya zauna yana jiran 'ya'yan ƙannensa su aiko masa da tuwo. Duk abin da ya mallaka a duniya yana cikin firjin nan.

Chadi ba ta da teku, don haka kayanta a tashar jiragen ruwa ta wata maƙwabciyar ƙasa ake sauke su, ƙasar da take fitar da dokokinta da Turanci da Faransanci duka. Ana saura mako biyu a loda kayan Baba, wakilinmu na can ya turo mana wata sabuwar doka ta kare muhalli, a kan tsofaffin firji da gas ɗin da ke cikinsu, wanda aka ce yana ɓata sararin sama. Ya turo ta da harsunan biyu. Aka yanke, aka sa a fayil, Bakano ya ɗauki tasa na ɗauki tawa.

Doka ɗaya ce, amma in ka jera su ba za ka ce uwarsu ɗaya ba. Ta Turancin gajera ce, shafi shida. Kowane sashe da lambarsa, a ƙarƙashinsa ƙananan lambobi a cikin baka, a gefe 'yan kanun magana, sannan a ƙarshe jadawali mai gida-gida: sunan kaya a wannan gida, an yarda ko an hana a wancan gida. Mutum zai iya bin ta da yatsa ko bai yi zurfin karatu ba. Ta Faransancin shafi goma ce. An raba ta babi-babi, sakin layinta dogaye ba lamba, kuma babu jadawali ko ɗaya. Abin da Bature mai Turanci ya cusa a gida-gida, na Faransa ya zauna ya rubuta shi jimla-jimla. A tsakiyar wani dogon sakin layi na ci karo da maganar da ta tsayar da ni: an yarda tsohon firji ya shigo, amma da sharaɗin an zuƙe tsohon gas ɗinsa kafin a loda shi, an kuma haɗa takardar shaida. In ba haka ba, ba za a sake shi daga tasha ba.

Na karanta sau uku, na tashi na kai wa mudir. Ya kira Bakano ya ce ya duba tasa. Bakano ya bi jadawali da yatsa har ya zo kan tsohon firji, ya ce, “Oga, ga shi nan kiliya, an yarda. Ba wani sharaɗi.” Ya juyo ya ce mini bawa ba ya gyara wa ubangidansa karatu. Akwai wani ɗan ɗigo a jikin kalmar, amma takardar faks duk ɗige-ɗige ce, ba wanda ya kula, har ni.

Mudir ya ɗaga takardun biyu, ɗaya a kowane hannu, kamar mai awon nama. Ya ce, “Nafsul ƙanun ne, ya akhi, doka ɗaya. Wannan shida, wannan goma. Ziyadar, ƙarin nan, duk kalam fadi ne, surutun Faransawa.”

Na ce ranka ya daɗe, ba a yi wa doka ƙari don jin daɗin baki, in sharaɗi yana nan ba ya can to ɗaya daga cikinsu ba ta cika ba, a buga wa wakili waya a tambaya. Ya ce ba zai buga waya ƙasar waje ba don mai buga takarda ya yi mafarki. Na ce to a gaya wa Baba, shi ya san abin yi. Nan ya ajiye takardun, ya dube ni, ya tambaye ni ni magatakarda ne ko lauya. Ya ce ba ma'aikacin da zai tsorata masa mai kaya a kan surutu. Sannan cikin sanyin murya, kamar mai tambayar lafiyar iyali, ya ce, “Iƙamarka yaushe take ƙarewa ma?”

Ya san amsar, shi yake ajiye fasfona a durowarsa. Na koma teburina raina a ɓace, ina jin Bakano yana dariya ƙasa-ƙasa. Abin da ya fi ƙona ni shi ne ba gardamar ilimi aka yi na faɗi ba. Ba wanda ya ce ga inda na yi kuskuren karatu. An dai auna takarda da hannu, aka ga wadda ta fi nauyi ita ce ta banza, saboda harshenta ba shi da daraja a idon mutumin da bai iya ko gaisuwa da shi ba.

Kashegari Baba ya hawo sama, yana hutawa a kowace matakala. Ya kawo mana dabino a leda. Ya tsaya a gaban teburina ya ce, “Ɗana, takardu sun yi?” Mudir yana cikin ɗakinsa, ƙofa a buɗe. Na ce sun yi, Baba. Ya sa mini albarka ya juya. Matakalar nan goma sha ce kawai, da na bi shi kamar zan sayo ruwa, da na gaya masa a bakin sito cikin minti ɗaya. Ban bi shi ba. Na ce wa raina wataƙila mudir ne da gaskiya, wataƙila a tasha da ta Turancin suke aiki, ni wa ya aike ni shiga sharo ba shanu. Ina da mata da 'ya'ya uku a Damagaram suna jiran abin da zan aiko, na kafa su a gabana na ɓuya a bayansu.

Ranar lodi Baba bai bar leburori su taɓa firji ko ɗaya ba sai ya naɗe shi da kwali da tsohon bargo. Aka rufe kwantena, aka kai tasha, jirgi ya tashi. Shi kuma ya miƙa iƙamarsa aka buga masa fita ta ƙarshe, wadda ba dawowa. Aka sa ranar tafiyarsa.

Kwana goma bayan tashin jirgi wakili ya sake turo dokar, saboda kayan wani daban. Ni ne kusa da injin. Shafin jadawali ya fito da ɗumi, na shimfiɗa shi, na ɗora rula inda muka saba, sai idona ya faɗa kan abin da zan yanke. Layi biyu ne, rubutu ƙanana, sun fara da 'yar alamar tauraro. Na ɗaga ido zuwa jadawali, ga irin alamar nan a jikin tsohon firji, ɗigon da muka ɗauka dattin faks ne. Turancina bai kai ya kawo ba, amma kalmar gas da kalmar shaida sun yi kama da na Faransanci. Ashe al'adar masu rubuta ta Turancin ce, abin da bai shiga gidan jadawali ba sai su sa masa alama su jefa shi gindin shafi. Na Faransa ba su yi haka ba, sun rubuta nasu a cikin jikin doka. Sharaɗin yana cikin duka biyun tun farko. Mu muka yanke shi muka zuba a kwandon shara don fayil ya yi kyau, kuma har yau ban san ko hannuna ne ya yi yankan farko ba.

Na miƙa wa Bakano. Ya karanta, ya sake karantawa, ya nemi kujera ya zauna. Ranar bai kira ni bawa ba. Ya roƙe ni a bar kaza cikin gashinta, ya ce shi ne ya ce kiliya, in magana ta tashi shi za a fara kora. Na ji tausayinsa na kuma ji haushinsa, amma na shiga wurin mudir da takardar.

Na zaci zai girgiza. Ya sa Bakano ya fassara masa, ya ce halas, magana ta ƙare, jirgi ya tashi, kuma a can Afirka komai da gyara, in an shafa wa ma'aikaci hannu zai rufe ido. Mutumin da kakansa ya tako daga can da ƙafa, haka yake maganar wurin, kamar juji. Na ce ai Baba bai tafi ba, a gaya masa, a nemi wakili ya san dabarar yi kafin jirgi ya isa. Ya ce in aka gaya masa zai ce ofis ya biya shi. Daga nan ya ɗauki rula a kan teburinsa ya miƙo mini ya ce in daidaita shafin in sa a fayil. Na karɓi rular na fita, amma ban yanke ba, na ninke shafin na sa a aljihu. Iyakar jarumtakata ke nan a wannan rana, kuma ba ta tsinana wa kowa komai ba.

Ranar Juma'a aka yi wa Baba walimar bankwana a Bani Malik, saura kwana biyu ya hau jirgin sama. An shimfiɗa tabarmi a tsakar wani gida, shinkafa da naman rago a manyan faranti, 'yan Chadi da 'yan Nijar da tsofaffin maƙwabtansa Larabawa, kowa na ba shi saƙon gida. Yana sanye da sabuwar jallabiya, yana dariya har ana ganin giɓinsa. Na kasa cin abincin. Da aka idar da la'asar na ja hannunsa zuwa tsohon shagonsa da ke jikin gidan. Ba komai a ciki sai shatin mai a ƙasa, kayan aikin ma ya rabar wa abokan sana'a.

Na gaya masa. Ya ce in maimaita da Hausa tsantsa, a hankali, kada in sa masa kalmar boko. Na maimaita: sai an zuƙe gas kafin a loda, sai an haɗa takardar shaida, in ba haka ba kaya ba za su fita daga tasha ba.

Ya ce, “Gas ɗin? Ai ni na zuba shi da hannuna, ɗaya bayan ɗaya. Zuƙewa aikin kwana uku ne, in ma na bi a hankali. Sana'ata ce, ɗana.”

Ya tambaye ni tun yaushe na sani. Na so in ce shekaranjiya, don shekaranjiya na ga ta Turancin, kuma ba ƙarya ba ce. Amma na ce tun kafin a loda, tun ranar da ya kawo dabino. Bai zage ni ba, da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya gyara hularsa ya ce kada in faɗa a ciki, in bar mutane su ci abincinsu. Ya koma ya zauna a tsakiyarsu ya ci gaba da karɓar saƙonni.

Abin da doka ta ce shi ya faru. Kwantena ta isa, aka buɗe, aka duba, aka riƙe. Gyaran da mudir ya yi alkawari bai yiwu ba, don sabuwar doka ce, idon manya na kanta. Bayan wata uku wasiƙar Baba ta zo ofis, wani ya rubuta masa da Faransanci. Ya bar Anjamena ya tare a garin tashar, yana kwana a masallaci. Ya ce wani babban ma'aikaci ya tausaya masa, ya ce in ofishin da ya tura kayan ya rubuto da hatimi cewa ba a sanar da mai kaya sharaɗin ba, za a iya ba shi izini ya zuƙe gas ɗin a nan cikin tasha a sakar masa kayansa. Layi uku kawai yake nema, kuma gaskiya tsagwaronta.

Na fassara wa mudir ina murna, na ce Allah ya kawo mafita. Ya ce wannan ba mafita ba ce, tarko ne, duk ofishin da ya rubuta haka ya amsa laifi da bakinsa, gobe hukuma za ta sa sunanmu a baƙin littafi. Ya ce in zauna in buga amsa: ofishinmu ya yi wa mai kaya cikakken bayanin doka kafin lodi, shi ya zaɓi ya tura kayansa yadda suke.

Ranar na ɗaga murya, karo na farko cikin shekaru. Na ce wannan ƙarya ce, kuma ƙaryar da za ta kashe tsoho. Na ce ya ji tsoron Allah, yana zaune tafiyar awa ɗaya daga Ka'aba. Na ce in ba zai taimaka ba to ya yi shiru mana, kada ya aika komai. Ya bar ni na gama. Ya buɗe durowa ya fito da fasfona da takardar sabunta iƙama, wadda saura mako uku ta ƙare, ya ajiye su a gefen hannunsa. Ya ce wakili ma yana bukatar amsa a rubuce don ya wanke kansa. Bakano ya sunkuyar da kai yana jera fayil.

Na buga. Faransanci mai tsabta, ba kuskure ko ɗaya, don na iya aikina. Mudir ya tsaya a kaina har na gama, ya sa hannu, ya buga hatimi, ya liƙe ambulan da kansa ya ba direban ofis ya kai wa masu aiken gaggawa su kai wa wakili. Da yamma na rubuta tawa wasiƙar ta gaskiya na aika ta gidan waya, ina ce wa Baba kada ya kai waccan. Tawa ba hatimi, kuma ta bi hanyar da ta fi tsawo.

Ban sake jin labari ba sai bayan kusan shekara, da wani direba ɗan Chadi ya dawo daga hutu ya hawo ofis neman takardun mota. Ya san Baba, a masallaci ɗaya suka kwana a garin tashar. Na ja shi bakin matakala na tambaye shi. Ya ce kayan an murƙushe su da injin, Baba yana tsaye yana kallo. Na ce wasiƙar ofis fa, ta isa? Ya ce ta isa, a gabansa wakili ya miƙa wa Baba. Shi direban ya ce masa ya bari a nemo mai Faransanci ya karanta masa tukuna, Baba ya ƙi, ya sa ambulan a aljihu a liƙe ya nufi ofishin babban ma'aikacin nan, ya miƙa da hannunsa.

Na ce me ya sa bai bari an karanta masa ba.

Direban bai san ni ne mai buga takardun ba, a zatonsa ni ɗan aike ne. Ya ce, “Cewa ya yi ya san yaron da ke buga takardun ofishin, ɗan mutunci ne, ba zai cuce shi sau biyu ba.”